Tsakanin Makunni da Fitila, Wane Ne Sabar?

Duk wanda ya taɓa zuwa kafe yin rajistar jarrabawa ya ji wannan magana: "Sabar ba ta tafiya, ku dawo gobe." Daga nan yawancinmu muka ɗauka cewa sabar wata ƙatuwar kwamfuta ce da aka kulle a ɗaki mai sanyi, can Abuja ko Legas ko Amurka, wadda idan ta yi fushi kowa ya shiga uku. Akwai irin waɗannan, ba musu. To amma ga wata tambaya, ƙannena. A ce ga makunni a jikin bango, ga fitila a silin, babu wayar wuta ko ɗaya da ta haɗa su, ta iska suke magana kamar yadda wayar hannunka take magana da sifika ta Bluetooth. A cikin su biyun, wanne ne sabar?

Idan aka yi wannan tambaya a aji, kusan kowa zai ɗaga hannu ya ce makunni, tunda shi ke ba da umarni, fitila kuwa bi kawai take yi. Amsar ba haka take ba. Fitilar ce sabar. Makunnin shi ne abin da injiniyoyi suke kira kilayan, wato mai zuwa da buƙata.

Dubi mai shago a Babban Dodo. Sikari da madara da ashana duk a wurinsa suke. Sai ga yaro an aiko shi: "Akwai madara?" ko kuwa "A ba ni sikari na ɗari biyu." Yaron ne ya fara magana, shi ne ma ya faɗi abin da za a yi, amma ba ya riƙe da komai. Idan kana son sanin ko sikari ya ƙare, mai shago za ka tambaya, ba yaron ba. Haka abin yake a nan. Sabar ita ce mai riƙe da abu, kilayan shi ne mai tambayar abin ko mai neman a canza shi. Girma ko tsada ba su shigo cikin lissafin ba.

Me fitila take riƙe da shi? Halin da take ciki. A kunne take ko a kashe, wannan lamba ɗaya ce a cikin ɗan ƙwaƙwalwarta: 1 ko 0. Idan mai rage haske ce, akwai wata lambar da ke nuna ƙarfin hasken, daga 0 har zuwa 65,535. Makunni ba ya ajiye waɗannan lambobi. Aikinsa ya aika saƙo ya yi shiru. Shi ya sa ake iya yin sa ɗan ƙarami da batir irin na agogo, a manna shi a bango. Akwai ma irin da ba shi da batir sam: ƙarfin dannawar yatsarka ake mayarwa ɗan lantarkin da zai isa a aika saƙo.

Maganar da ke tsakaninsu iri uku ce kawai. Akwai tambaya: "Wane hali kike ciki?" Akwai umarni: "Koma 1," ko "Rage haske zuwa rabi, a hankali, cikin daƙiƙa biyu." Sai rahoto, wanda daga fitila yake fitowa: "Yanzu ina kan 1." Tambaya da umarni na kilayan ne, rahoto na sabar. In ka riƙe wannan, ka riƙe rabin darasin.

Me ya sa aka tsara shi haka?

Ɗauki babban gida irin na cikin birni, a Kwarbai ko Ƙaura ko Limancin Kona, gidan da ya tara kaka da 'ya'ya da jikoki. Ga zaure, ga shigifa, ga tsakar gida, ga sassa uku ko huɗu. A ce fitilar tsakar gida tana da makunni biyu, ɗaya a zaure, ɗaya a sashen Inna, ga kuma manhaja a wayar yaya. Da a ce kowane makunni shi ke ajiye labarin fitila, da an samu rikici. Baba ya kunna daga zaure da magariba, makunnin sashen Inna bai sani ba, har yanzu a lissafinsa a kashe take. Wayar yaya kuma ta nuna wani abu daban. Bakuna uku, magana uku. Amma tunda fitilar ce kaɗai mai riƙe da halinta, gaskiya ɗaya ce. Wanda yake son sani ya tambaye ta. Kuma ana iya saita ta yadda duk lokacin da halinta ya canza za ta sanar da kanta, sai manhajar waya ta gyara abin da take nunawa.

Ka ƙara makunni na huɗu, na biyar, fitilar ba ruwanta. Mai shago ba ya canza shagonsa don masu saye sun ƙaru.

Saƙo daga baki zuwa baki

Matsalar Bluetooth ita ce ba ya zuwa da nisa. Kowa ya san haka: ka bar waya a ɗaki ka fita da iyafis tsakar gida, sai sautin ya fara yankewa. Yana aiki ne a kan zangon rediyo na gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma yake, kuma irin wannan zango ba ya jituwa da bango mai kauri. Gidajen ƙasa na cikin birnin Zariya kuwa kaurin bangonsu ba wasa ba. Abin da ke sa ɗaki ya yi sanyi a watan Afrilu shi ne kuma ke shanye saƙon rediyo. Makunnin da ke zaure ba zai iya jiyar da fitilar da ke ƙuryar gida, bayan bango huɗu, ba.

Mafitar da aka samo ta daɗe a wurinmu, ta wata siga. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya fi shekara ɗari yana cika da jama'a kafin lasifika ta zo. Yaya na sahun baya suke sanin liman ya yi ruku'u? Liman ya yi kabbara, ladan ya ɗaga murya ya maimaita, in taron ya yi yawa kamar na Idi wani can baya ya ɗauka ya ƙara miƙawa. Muryar mutum ɗaya ba ta kai ƙarshen fili ba, amma kabbarar ta kai.

Wannan shi ne tsarin raga, wanda ake kira Bluetooth Mesh. Makunni ya saki saƙo, fitilar zaure ta ji ta maimaita, ta shigifa ta ji ta maimaita, har ya isa inda aka nufa. An kira shi raga ne saboda hanyoyin a sarƙe suke kamar ragar kamun kifi: zare ɗaya ya tsinke, sauran suna riƙe. Fitilar shigifa ta mutu, saƙon ya bi ta wadda ke bakin rijiya. Babu wata na'ura guda a tsakiya da komai ya rataya a wuyanta, ba a kuma buƙatar data ko intanet.

Ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojin Bluetooth ta fitar da wannan tsari a watan Yulin 2017. Ita kanta ƙungiyar kamfanoni biyar ne suka kafa ta a 1998: Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba. Sunan kuwa, don nishaɗi, laƙabin wani sarkin Denmak ne mai suna Harald da ya yi mulki sama da shekara dubu da suka wuce, wanda aka san shi da haɗa kan ƙabilun ƙasarsa.

A nan ne ɗalibai da yawa suke cakuɗa abubuwa biyu. Maimaita saƙo aiki ne daban, zama sabar aiki ne daban. Ladan ba liman ba ne. Fitilar shigifa, idan saƙon nata ne, sai ta karɓa a matsayin sabar ta canza halinta. Idan na wata ce, sai ta miƙa kawai, haskenta ko motsi ba zai yi ba. Fitila ɗaya, hula biyu.

Mai kaifin tunani zai ce: idan kowa yana maimaita abin da ya ji, ai saƙon ba zai taɓa mutuwa ba, zai yi ta zagaye gida har gari ya waye. An yi maganin wannan ta hanya biyu. Kowane saƙo yana ɗauke da wata lamba mai nuna tsalle nawa ya rage masa. Mafi girmanta 127, amma masu haɗawa kan sa ƙarama daidai girman ginin. Duk wadda ta maimaita sai ta rage ɗaya, in lambar ta ƙare saƙon ya tsaya. Na biyu, kowace fitila tana tuna saƙonnin da ta ji kwanan nan, idan ɗaya ya dawo mata sai ta yi kunnen uwar shegu da shi. Ban da haka, gwanin haɗawa ba ya barin duka fitilu su zama masu maimaitawa. Yakan zaɓi wasu ne a wurare masu kyau. In ba haka ba iskar gidan za ta koma kasuwa ranar jajibiri, kowa na magana, babu mai jin wani.

Yaya makunni yake sanin fitilar da zai yi wa magana?

Kowace na'ura a cikin raga tana da adireshinta, kuma raga ɗaya tana iya ɗaukar irin waɗannan adireshi har 32,767. Sai dai ba kasafai makunni yake kiran fitila da adireshinta ba. Shela yake yi. Ana ƙirƙirar adireshin rukuni, a ce "tsakar gida", sai a gaya wa makunni ya riƙa yin shelarsa can, a gaya wa fitilu huɗu su riƙa sauraron can. Kamar zauren WhatsApp na 'yan aji ne: monita ba ya bin kowa ɗaya bayan ɗaya, a zaure yake rubutawa, wanda ke ciki ya gani. Fitila ɗaya tana iya shiga rukuni fiye da ɗaya. Ta bakin zaure tana cikin "zaure", tana kuma cikin "fitilun waje" da ake kunnawa gaba ɗaya da dare. Ranar da ta ƙone aka sa sabuwa, sai a shigar da sabuwar cikin rukunan, makunni ba a ko taɓa shi ba.

Umarni ma iri biyu ne, mai neman amsa da marar neman amsa. Idan fitila ɗaya kake yi wa magana, yana da kyau ta amsa ta ce ta ji. Amma a ce ɗakin taro ne na makaranta irin Alhudahuda ko Barewa, an sa fitila hamsin a rukuni ɗaya. Ka danna makunni, hamsin ɗin su amsa a lokaci guda, amsoshin su yi karo a iska. Don haka ga rukuni, umarni marar neman amsa ake aikawa, a maimaita shi sau biyu ko uku don tabbaci. Idonka ne zai gaya maka an ji.

Inda abin ya juye

Yanzu ga wurin da na fi so. A kawo sensa, wato 'yar na'urar da ke jin motsin mutum ko take auna hasken rana, a manna ta a shigifa. Idan mutum ya shigo, fitila ta kama. Sensar nan sabar ce ko kilayan?

Kada ka yi saurin cewa ai kamar makunni take. Koma wurin mai shago: wa ke riƙe da abu? Sensa tana riƙe da awo: akwai mutum ko babu, hasken waje ya kai kaza. Saboda haka sabar ce. Abin da take fitarwa rahoto ne, ba umarni ba. Ba ta ce wa kowa "kunna" ba, cewa kawai ta yi "na ga motsi". Fitilar ce take sauraron rahoton, ta duba ƙa'idar da aka saka mata, ta yanke hukunci da kanta: in dare ne in kama, in bayan minti uku ban sake jin labarin motsi ba in rage haske. Ga shi sabar tana sauraron wata sabar. Ashe waɗannan sunaye ba na na'ura ba ne, na rawar da take takawa ne a cikin wata magana. Mai shagon nan ma, idan ya tafi Sabon Gari saro kaya, shi ne yaron da aka aiko.

Haka kuma ranar da aka fara haɗa ragar. Kowace na'ura, har da makunnin da muka ce kilayan ne, tana da wani ɓangare mai riƙe da saitinta: rukunin da take ciki, inda take shela, ko tana maimaita saƙo ko ba ta yi. A wannan ɓangaren makunni sabar ne, wayar mai haɗawa ce kilayan.

Sensa mai batir tana da wata dabara. Da za ta bar kunnenta a buɗe dare da rana, da batir bai yi mako ba. Sai ta riƙa barci, wata fitila mai wuta a kusa ta riƙa ajiye mata saƙonninta, in ta farka ta tambaya, "Akwai nawa?" A cikin ƙa'idar ma sunan da aka ba wannan fitila shi ne aboki.

Ina ruwanmu da wannan a Zariya?

Ruwanmu shi ne batir. Gidaje da masallatai da makarantu da yawa sun koma sola, kuma duk mai sola ya san ciwon batir ya mutu ƙarfe uku na dare. Mu yi lissafi irin na aji. Fitila shida, kowace wat 9, wat 54 ke nan. A bar su awa 10, sun sha 540. Yanzu a ce suna cikakken haske awa 2 ne kawai, lokacin da ake kai da kawo, sauran awa 8 suna kan kashi ɗaya cikin huɗu: 108 a tara da 108, ya ba da 216. Ko rabi bai kai ba. Abin da ya rage shi ne zai riƙe fitilar ɗakin da kake karatun jarrabawa, ko fankar kaka. A cire ɗan abin da kowace fitila take sha don rediyonta ya zauna a kunne, wanda bai kai wat ɗaya ba, har yanzu da riba.

Fitilun sola na kan titi da muka saba gani, masu fanel da batir a haɗe a kan sanda, yawancinsu ba raga ba ne. Kowace gashin kanta take ci: fanel ɗinta ya daina samun rana, ta san dare ya yi, ta kama. Ba ta san maƙwabciyarta ba, kuma idan ta lalace babu wanda za ta gaya wa, sai mutanen unguwa sun gaji da duhu. A biranen da aka haɗa fitilun titi a raga, fitilar da ta samu matsala rahoto take aikawa. A can akan yi amfani da wasu tsare-tsaren rediyo masu zuwa da nisa, shi Bluetooth Mesh ya fi ƙarfi a cikin gine-gine: ofisoshi, makarantu, asibitoci, rumbunan ajiya. Akwai kuma Zigbee, wanda ya girme shi, wanda fitilun Philips Hue suka fito da shi a 2012. Yarensa daban ne, amma rabon aikin iri ɗaya: fitila sabar, makunni kilayan. Sai dai makunnin Zigbee ba zai kunna fitilar Bluetooth Mesh ba, don haka duk wanda aka aika saye ya karanta jikin kwali.

Akwai abu biyu da yanayinmu ya sa suka fi muhimmanci a nan fiye da Turai. Na farko, sabar da ba ta da wuta ba sabar ba ce. Idan wani ya kashe tsohon makunnin bango, wanda ke yanke wutar gaba ɗaya, fitilar ta kurumce: ba ta jin umarni, ba ta kuma miƙa saƙon wasu. In ita ce gadar da ke tsakanin zaure da cikin gida, an raba ragar biyu. Shi ya sa fitilun da za su riƙa maimaita saƙo ya kamata su zama waɗanda ke kan layin sola ko inbata.

Na biyu, dawowar wuta. An ɗauke ƙarfe tara kowa na zaune, an dawo da ita ƙarfe biyun dare kowa na barci. Me fitila za ta yi? Masu tsara ƙa'idar sun tanadi wani hali na musamman don wannan, mai zaɓi uku: ta zauna a kashe, ko ta kama, ko ta koma yadda take kafin a ɗauke. Ina ake ajiye wannan zaɓi? A cikin fitilar, ba a makunni ba, ba a waya ba. Dole ma haka ne, domin a daƙiƙar da wuta ta dawo makunni yana barci, wayar yaya tana ƙarƙashin filo. A ganina fitilar ɗakin kwana a sa ta a kan zama a kashe, ta ƙofar gida a kan kamawa. Wanda ya bar su duka a kan kamawa zai sha faɗan Inna.

To, ɗan maƙwabta mai wayo fa? Zai iya tsayawa a lungu da wayarsa ya kashe muku fitilu? Sabuwar fitila ba ta shiga raga sai mai haɗawa ya shigar da ita ya ba ta makullan sirri, kuma duk saƙon da ke yawo a kulle yake. Makullan ma hawa-hawa ne. Akwai na raga, wanda ke ba na'ura damar karɓa da miƙa saƙo. Akwai na aiki, wanda sai da shi ake karanta abin da ke ciki. Don haka fitila tana iya miƙa saƙon da aka aika wa makullin ƙofa ba tare da ta san me ya ƙunsa ba, kamar ɗan aike da wasiƙa a liƙe. Fitilar da aka cire za a yar kuwa, sai a fitar da ita daga ragar a sabunta makullai, don kada wani ya tsinta a bola ya tono sirrin gidan.

Wanda abin ya ba shi sha'awa ba sai ya jira shiga sashen injiniyan lantarki ko na kwamfuta a Samaru, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ba. Akwai wani ɗan allon lantarki mai suna ESP32, bai kai tsawon yatsa biyu ba, yana da Bluetooth a jikinsa, kuma kamfanin da ke yin sa ya saka misalan manhajar makunni da ta fitila kyauta. Guda uku sun isa kulob ɗin kimiyya ya gwada: ɗaya kilayan, biyu sabar, a kai ta ukun bayan bango a ga ko ta tsakiya za ta miƙa mata.

In kuɗin allon bai samu ba, a yi da mutane a filin makaranta. Ɗalibai goma su warwatsu, kowa da kati mai 1 a gaba, 0 a baya, su ne fitilu. A raba su rukuni biyu, "zaure" da "tsakar gida". Mutum ɗaya ya zama makunni, ba a yarda ya ɗaga murya ba, raɗa kawai zai yi wa na kusa da shi: "Tsakar gida, koma 1, saura tsalle huɗu." Duk wanda ya ji ya rage ɗaya ya raɗa wa na kusa, in rukuninsa ne ya juya katinsa. Bayan zagaye biyu, malam ya janye mutum ɗaya daga tsakiya a matsayin fitilar da aka yanke wa wuta, a sake aikawa, a ƙirga kati nawa suka juya.